Motar da Ta Gangara Ba Direba

Kwanakin baya ina zaune gindin darbejiyar da ke bakin garejina, sai na ji samari biyu cikin masu zuwa koyon aiki suna gardama. Ɗaya yana cewa shi in ya tashi buɗe nasa wurin, gyaran mota atomatik kawai zai kama, don aikin 'yan hutu ne: ka jona kwamfuta, ta faɗa maka ciwon, ka juye mai ka zuba sabo, shi ke nan. Ɗayan ya ce ai shi ya sa Malam Altine ba ya tsufa. Malam Altine kuwa ni ne. Na yi dariya har shayi ya sarƙe ni. Gemuna a cikin giyabos ya yi fari, amma har gobe in zan kwance na atomatik sai na gyara zama na yi bisimilla da ƙarfi. To bari in ba ku labarin aikin nan yadda na same shi, ku da masu irin tunaninku.

Aikin farko da aka ba ni a Sakkwato, wurin maigidana Malam Haliru, shi ne yayyafa ruwa a ƙasa. Ba wasa nake ba. Kafin a buɗe giyabos sai an share rumfa, an jiƙa ƙasa, an shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur. Na yi damina da rani ina wannan, da wanke ƙarafa cikin kananzir, kafin ya yarda in ɗora sifana a kan motar mutane. A lokacin haushi nake ji, don tsarana da ke wurin masu gyaran manuwal har sun fara sauke inji. Sai ranar da ya buɗe mini farantin da ke ƙasan giyabos sannan na gane. Cikinsa hanyoyi ne sirara rututu kamar gidan gara, mai ne ke bi ta ciki ya tura wannan ya saki wancan, ga wasu 'yan ƙwallaye da ba su fi ƙwayar dawa ba, kowane da raminsa. Yashi kaɗan in ya shiga, mota ta daina canza giya. Ƙwallo ɗaya in ya faɗi ƙasa ba ka lura ba, sai ka ɗaura, ka sauke, ka sake ɗaurawa, kana ta zagin wanda ya ƙera motar alhali ba ruwansa.

Malam Haliru ba mai yawan magana ba ne, hancinsa ne ke aiki. In aka kawo mota, kafin mai ita ya gama bayani ya zaro sandar awon mai ya shinshina. Man giya mai lafiya ja ne garau. In ya koma ruwan ƙasa, ya gaji. In ya yi baƙi yana ƙaurin ƙanzo, faifan kulocin da ke ciki sun ƙone, ko da mai motar ya rantse bai taɓa wahalar da ita ba. In kuwa ya yi kauri ya yi fari-fari, ruwa ya shiga. Yakan miƙo mini sandar ya ce, "Mi kaj ji?" In na ce ban ji komai ba, sai ya ce, "To koma wanki." Haka na koya. Kwamfuta daga baya ta zo, ina da ita kuma ba na raina ta. Amma lamba kawai take ba ka. Ba za ta gaya maka cewa direba ya yini yana murza taya cikin laka ba.

Da ya sallame ni, abin da ya ba ni bai cika akwati ba: saitin sifana, filaya mai siririn baki ta cire zobe, da wani guntun maganaɗisu da ya ɗaure a jikin waya. Wannan maganaɗisun ya fi sauran aiki. Da shi nake lalube cikin kaskon mai, in ga irin garin ƙarfen da giyabos ke zubarwa. In gari ne mai laushi, tsufa ne. In ɓarɓashi ne mai ƙyalli, wani abu na cin wani a ciki. Na dawo gida Wurno na kafa rumfa a kan hanyar Goronyo, na haƙa ramin duba mota da hannuna.

Wani mutumin Gandi ne ya fara koya mini halin mutanenmu da atomatik. Motarsa ta mutu a kasuwa, batir ne kawai ya yi sanyi. Aka tara majiya ƙarfi aka yi ta turawa, har da masu kabbara, ta ƙi tashi, don ita ba a tayar da ita da turi. Sai aka ɗaura mata igiya a bayan wata akori-kura aka jawo ta har garejina. Abin da bai sani ba, in inji ba ya aiki famfon mai ba ya juyawa, ƙarafa na ta gugar juna a bushe tun daga Gandi. Ya zo neman batir, ya tarar giyabos ya dahu. Na ce masa, "Baba, da ka aiko an kira ni." Ya ce, "Yo ni ina nis san motag ga ba ta son taimako?" Bayansa na ga mai zuba baƙin man inji a giya don wai duk mai mai ne. Na ga aikin masu gyaran lagireto, da ke sa sabo wanda ba shi da wurin sanyaya man giya, su haɗe bakin tiyo biyun da juna su ce an gama. Duk wannan ba mugunta ba ce. Da manuwal muka saba, ita kuwa tana haƙuri da mu.

Sai motocin gado suka shigo. Haka muke kiransu. Dillalai ne suka fara kawo su daga Kwatano: doguwar bas mai tudun rufi, Turawa sun mayar da cikinta ɗaki, da gado, da kabad, da wurin dafa abinci, har da ɗan banɗaki a lungu. An ce tsofaffinsu ne ke saye, miji da mata, in sun ajiye aiki su yi ta yawon ganin ƙasa suna kwana a ciki. Mu kuwa in ta iso, kafinta ake fara kira, ba bakanike ba. A ɓamɓare gado da kabad, a jera benci, ko a bar ta fayau a loda buhunan albasa har rufi. Motar da aka yi don tsoho da tsohuwa da akwatinsu, ita ce ke fitowa daga fadama da albasa da tafarnuwa, ga fasinja zaune a kan buhu. Galibinsu atomatik ne, don haka duk wurina suke ƙarewa. Na ci moriyarsu, ba zan ɓoye ba. Da su na mayar da rumfar zana ta kwano.

Shekarar da ta ba ni wuya ita ce wadda gulbin Rima ya cika ya batse, hanyoyin ƙauyuka suka koma taɓo. Motocin gado suka yi ta kutsawa cikin ruwa da laka da lodi, giyabos ɗinsu suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. In gyara, ta tafi, ba a jima ba a dawo da ita. Kayan gyara na ƙwarai babu, wanda ake aiko mini daga Kano kuwa rabi jabu ne. Mai mota ba ya ganin laka, ba ya ganin lodi, hannun da ya taɓa ta ƙarshe yake gani. A tashoshi aka fara cewa duk motar da ta shiga garejin Altine da ciwo ɗaya, da biyu take fita. Gareji ya bushe, har awaki suka mayar da ramin duba mota wurin shan inuwa. Na koma gyaran injin ban ruwa don kada tukunya ta huce. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don sunan mai sana'a shi ne jarinsa.

Direba ɗaya ne bai daina zuwa ba, Ladan, direban Alhaji Maidamma, babban mai sayen albasa a Goronyo. Ladan dogo ne, marar hayaniya, tsohon direban babbar mota. Shi kaɗai ne ke kawo mota tun ba ta lalace ba, ya ce in saurara, ya ji wani sauti da bai saba ji ba. Motarsu kuma ita kaɗai ce a duk yankin da ba a cire wa gado ba. Mahaifiyar Alhaji, Inna Kulu, ɓarin jikinta ya shanye, ana yawan kai ta asibiti Sakkwato, kuma ba ta iya doguwar tafiya a zaune. Don ita aka sayi motar. In Inna ba ta buƙata, duk macen da haihuwa ta zo wa da gardama a unguwar, motar ce ke ɗaukarta. Ladan yana tuƙa ta kamar mai ɗauke da tiren ƙwai.

Ran nan suna dawowa daga asibiti da la'asar, Alhaji ya bugo waya ya ce su biya ta gona su ɗauko saƙo. Gonar tana bakin kanal, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakin rani, kuma bakin yana da ɗan gangare. Ladan ya tsaya, ya kashe mota, ya sauka da butarsa zai yi alwala. Inna na kwance a ciki. Manoman da ke wurin sun ce a hankali ta fara, kamar mai shawara, sannan ta ja da baya ta sulale cikin kanal. Allah ya taimaka ruwan ba shi da yawa. Motar ta kishingiɗa, Inna ta faɗo daga gado ta karye a hannun da ke mata aiki. Kafin Alhaji ya iso, jama'a sun taru suna ƙoƙarin fitar da mota, wannan ya ja sandar giya wancan ya tura, ba wanda zai iya cewa ga inda take tun farko.

Za ku ce ina hambirki? Ku fita titi ku ja hambirkin duk motar da kuka samu, ku zo ku ba ni labari. A wurinmu hambirki wurin rataye carbi ne. Wayarsa in ta tsinke ba mai gyarawa. Zamanin manyan motoci ba a damu ba, don mota na tsayawa karen mota zai diro ya cusa waji ƙarƙashin taya. Da atomatik ta zo, ba karen mota, ba waji, kowa ya dogara da fakin, wato harafin nan na can sama da ake mayar da sandar giya in an tsaya. Ladan ya taɓa yi wa Alhaji maganar wayar hambirkin, Alhaji ya ce to fakin aikin me yake yi. Ba wanda ya san abin da ke riƙe da motar. A cikin giyabos akwai wani faifai mai gibi-gibi a gefensa, da wani ƙarfe da bai fi babban yatsa ba. In ka sa fakin, ƙarfen ya faɗa cikin gibi ɗaya ya kulle. Duk girman motar nan da lodinta, a kan wannan yatsan suke tsaye.

Alhaji ya karɓe makulli nan take. Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Amma ranar kasuwar Goronyo, a tsakiyar tasha, gaban direbobi da 'yan kamasho da fasinja, ya ɗaga murya ya ce Ladan ya bar mota a furi, bai sa fakin ba, saboda sakaci, ya kusa kashe masa uwa, sannan ya dube shi ido da ido ya yi masa ƙarya. Alhaji mutumin kirki ne, amma zuciya ta ɗebe shi, kuma maganarsa tana da nauyi a garin. Daga ranar ba wanda ya sake miƙa wa Ladan makulli, ko na akori-kura. Mutumin da ya kai tirela har kudu ya koma dakon buhunan albasa a tashar da a da ake tashi a ba shi benci.

Ya zo wurina da ƙurar albasa a wuyan rigarsa. Muka gaisa, ya zauna a kan tsohuwar taya.

"Malam Altine, wallahi fakin nis sa ta," in ji shi.

Na ce, "Na ji, Ladan."

Ya ce, "Ba ji nika so ka yi ba. Kowa ya ji. Buɗe ta nika so ka yi."

Na ce masa mota ba tasa ba ce, ba tawa ba ce, ba zan je gidan mutum in kwance masa giyabos ba. Ya gyaɗa kai ya tashi. Gaskiya ni kaina ban san abin da zan gaskata ba. A duk shekaruna ban taɓa ganin fakin ya saki mota ba, kuma na san ko direban ƙwarai yana iya mantuwa.

Ba a daɗe ba sai ga motar a bayan babbar mota, Alhaji ya aiko da ita. Ba don ya yarda da ni ba, sai don ruwa ya shiga giyabos kuma babu mai buɗe irinsa kusa. Ya bugo waya ya ce, "Ka tsane mata ruwa ka ruhe, saida ta za ni yi. Ba ni son ganinta." Na share rumfa, na jiƙa ƙasa, na shimfiɗa ƙyalle. Da na sauke kaskon mai na zura maganaɗisu, ya fito da gashin ƙarfe cunkus. Na ci gaba da kwancewa har na kai ga ƙarfen fakin. Bakinsa da ya kamata ya zama mai kusurwa ya cinye ya yi sulɓi. Hanyar da sandar da ke tura shi take bi ta cushe da ɓarɓashin ƙarfe, ta yadda ko ka kai sandar giya ƙarshe, ƙarfen ba ya faɗawa cikin gibi, bakinsa kawai yake ɗorawa. A fili zai riƙe, ba wanda zai sani. A gangare kuwa sai yadda Allah ya yi.

Akwai wani mataccen giyabos na motar gado da mai shi ya yar mini a lungun gareji. Na jawo shi na buɗe. Ciwon iri ɗaya, sai dai nasa bai kai wannan nisa ba. Ga shi na san irin motocin nan suna nan suna yawo tsakanin Raba, Marnona da Kwargaba cike da mutane. Na kira dillalin da ke kawo su, na kwatanta masa. Ya yi ta kewaye-kewaye, daga baya ya ce ya taɓa jin maganar a bakin masu sauke motoci a can Kwatano. Wai a ƙasar Turawa kamfanin da ya ƙera su ya gano aibin, ya aika wa duk mai irin motar cewa ya mayar da ita a gyara masa kyauta. Waɗanda suka kai an gyara. Waɗanda ba su kai ba, ko waɗanda an riga an sayar an sake sayarwa, su ne wasunsu suka hau jirgin ruwa.

Ban taɓa jin haka ba, mai ƙera abu ya kira kayansa da kansa ya ce na yi kuskure. Na ce, "To mu wa za ya kira mu?"

Ya yi dariya ya ce, "Malam, wa yas san kuna da su?"

Na hau babur na tafi Goronyo wurin Alhaji. Ya karɓe ni da mutunci, aka kawo ruwa, amma ina fara bayani ya ɗaga hannu. Ya ce ya san direba da bakanike, ɗaya ba ya tona ɗaya. Ya ce ni da ake cewa hannuna na kashe mota, yanzu kuma na samo Bature na ɗora wa laifi. Na roƙe shi ya zo gareji ya gani da idonsa, ya ce ba shi da lokaci, in rufe mota kawai. Na ce masa ba zan rufe ta haka a sayar wa wani ba. Muka rabu ba daɗi.

A hanyar dawowa na yi ta tunani. Alhaji ba zai zo ba. Sauran masu motocin ba za su zo ba, don sun daina shiga garejina. Kamfani kuwa bai san da zamanmu ba. Kiran da aka yi a can, in ba wanda ya yi shi a nan, ba za a yi ba.

Ranar kasuwa na wanke rabin giyabos ɗin Alhaji, wanda ke ɗauke da faifan da ƙarfen fakin, na ɗaure shi a bayan babur da roba, na ɗauki wani guntun bututun ƙarfe, na nufi tashar Goronyo. Akwai wani ɗan kamasho, Ɗan'ige, mai muryar da in ya kira Sakkwato ana jinsa a bakin dam. Na roƙe shi ya kira mini duk direban motar gado. Ya dube ni ya dubi kayan, ya ce, "Altine, kasuwa ta ƙi zuwa, kai kaz zaka wurinta?" Amma ya kira. Suka taru suna dariya, wani yana cewa yau kuma tallan giyabos ake yi kamar mai maganin basir.

Ban yi dogon bayani ba. Na ɗora shi a kan benci, na nuna musu faifan, na nuna musu ƙarfen, na ja har ya shiga fakin. Na zura bututun a jikin sandar da ke juya taya, na ce wanda ya fi kowa dariya ya zo ya murɗa. Ya murɗa da hannu ɗaya, ya ƙi motsi. Ya ce, "To ga shi ya riƙe." Na ce ya jingina da jikinsa, kamar yadda mota ke jingina a gangare. Ya jingina. Sai ji muka yi ƙarat, ƙarfen ya yi tsalle, faifan ya juya, direban ya tafi taga-taga har hularsa ta faɗi. Dariya ta tsaya. Wani ya ce a sake. Aka sake, wani ya gwada, wani ma ya gwada. Ina kallon wani dattijon direba daga Kwargaba ya zame daga cikin taron, ya je ya ɗauko dutse ya sa a bayan tayar motarsa, da fasinja cike a ciki.

Na ce musu ban ce kowace mota haka take ba, sai an buɗe za a sani. Wanda ba ya son hannuna ya kai wa wanda ya yarda da shi. Amma kafin nan kowa ya gyara hambirki, ya sa waji a mota, kuma kada wanda ya sake barin mutum a ciki a kan gangare.

Rumfar da Alhaji ke awon albasa tana gefen tashar. Hayaniyar ce ta jawo shi. Mutane suka dare suka ba shi hanya. Ya tsaya yana kallon abin da ke kan benci, ya ce, "Na wace mota na?"

Na ce, "Na taka na, Alhaji."

Ya naɗe hannun babbar rigarsa. Ya ja ƙarfen ya sa fakin da kansa, ya duba ya tabbata ya kai ƙarshe, ya kama bututun ya jingina. Ƙarat. Ya sake sa fakin, wannan karon da ƙarfi kamar mai fushi da shi, ya sake jinginawa. Ƙarat. Ya ajiye bututun. Sannan ya ce mini in nemo kayan ƙwarai ko daga ina ne in gyara ta, da hambirkinta, ya fasa sayarwa.

Ladan yana can bayan taro, da buhun albasa a kansa, bai sauke ba. Alhaji ya hango shi. Ya laluba aljihu ya fito da makulli, ya taka har inda yake, ya miƙa masa, ya ce a hankali, "In an gama gyara, ka je ka ɗauko ta."

Ladan bai miƙa hannu ba. Ya ce, "Ranka shi daɗe, ba makulli kaɗai ka amshe min ba. Wurin ga kac ce na yi ƙarya."

Alhaji ya ce, "To, ba ka yi ba."

Ladan ya ce, "Ran nan ba haka muryakka take ba."

Har mai rake ya daina sara. Na ɗauka Alhaji zai juya ya tafi, don ban taɓa ganin an yi masa magana haka ba. Ya dubi Ladan, ya dubi jama'a. Sai ya hau kan bencin, kusa da giyabos ɗin, dattijo da babbar riga, ya ɗaga murya har masu shago suka leƙo.

"Jama'a, ku shaida! Nan nic ce Ladan ya bar mota furi, nan nic ce ya yi man ƙarya. Bai yi ba. Fakin yas sa. Ni niz zalunce shi, kuma ina roƙo nai gahwara gabanku."

Ladan ya sunkuya ya sauke buhun a hankali, ya jingina shi da taya don kada albasar mutane ta fashe. Ya goge hannunsa a riga ya karɓi makullin. Na zaci godiya zai yi, ko ya ce ya yafe. Amma tun ranar kanal ba a bar shi ya taka ƙofar gidan Alhaji ba, kuma ashe abin da ke cinsa ke nan.

Ya ce, "Alhaji, ƙaƙa hannun Inna?"

Alhaji ya sauko daga benci. Ya ce, "Ya ɗoru. Kullun sai ta tambaye ka. Ta ce ita ta ga sa'ad da kas sa fakin, ni na niƙ ƙi saurare."